Ƙugiyar gini: yadda Liebherr ya taso daga ƙauyen Jamus, da lissafin da ke gaban magina a Yamai

Duk wanda ya zauna Yamai tsakanin 2018 da 2019, lokacin da ake rige-rigen kammala gine-ginen taron ƙolin Tarayyar Afirka, ya saba da ganin dogayen ƙarafan nan masu hannu ɗaya sun tokare sama, suna juyawa a hankali da siminti ko rodi a rataye. Ma'aikatan shantiye, wato wurin gini, "grue" suke ce musu, da Faransanci. A rediyo kuwa ƙugiya ake cewa. Taro ya watse, ƙugiyoyi sun ragu, amma maganarsu ba ta mutu ba. Tun da hanyar Kwatano ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shigo da babban inji ya zama abin zama a yi dogon lissafi, kuma ƴan kwangila sun rabu: wasu na cewa tsohuwar Turai, wasu sabuwar China, wasu kuma a bar saye gaba ɗaya.

Sunan da ba ya ɓacewa a wannan gardama shi ne Liebherr, kuma a nan rikicewar take farawa. Wani ya ce kamfanin Jamus ne, wani ya ce na Suwizilan ne, wani ya ce ai wannan sunan a jikin firigo ya san shi. Dukansu ukun sun yi gaskiya.

Mece ce ƙugiya, kuma iri nawa ce

Mai lambu da ya taɓa ban ruwa da jigo ya riga ya san rabin ilimin ƙugiya. Doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, dunƙulen laka ko dutse a baya don ya rinjayi nauyin ruwa. Ƙugiyar gini haka take, sai dai da ƙarfe: akwai gangar jiki da ke tsaye, akwai dogon hannu a gaba wanda igiyar ƙarfe ke zarya a ƙarƙashinsa, akwai gajeren hannu a baya da aka jibga wa tubalan kankare.

Abin da masu saye suka fi tuntuɓe a kai shi ne lambar da ke rubuce a jikinta. In an ce ƙugiya mai tan 8 ce, ba a ko'ina take ɗaukar tan 8 ba, sai kusa da gangar jiki. Da zarar kaya sun matsa zuwa ƙarshen hannu mai mita 60, abin da za ta iya bai wuce tan ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wato buhun siminti 30 zuwa 40. Ka riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin a kafaɗarka. Shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfinta da nauyi sau nisa, kuma kowace ƙugiya na da jadawalin da mai tuƙa ta ya kamata ya haddace.

Iri-irin da ake gani sun kasu haka. Akwai mai hasumiya, wadda ake kafawa a kan tushen kankare ta yi wata da watanni a wuri ɗaya, da lantarki take aiki. Akwai ƙanwarta mai naɗewa, wadda ake ja da mota, a kai ta wurin gini ta miƙe da kanta. Akwai ta kan mota mai tayoyi da yawa, wadda hannunta ke zuƙewa yana fitowa kamar eriyar rediyo, ita ce aka fi gani tana sauke kwantena ko janareto a cikin gari. Sai mai tafiya a kan sarƙa kamar tankar yaƙi, ta manyan ayyuka irin gada, madatsar ruwa da matatar mai.

Magini ne ya fara

An haifi Hans Liebherr a 1915. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi kuma ya tashi agola a gidan wani magini a Kirchdorf, wani ƙauye a bakin kogin Iller da ke kudancin Jamus. A nan ya koyi gini, ya kuma karɓi ragamar ƴar sana'ar gidan a 1938. A Yaƙi na Biyu an sa shi cikin sojojin da ke aikin gadoji. Da ya dawo, sai ya tarar da ƙasa a rushe: birane sun zama kufai, miliyoyin mutane da aka koro daga gabas na neman inda za su sa kai, maza majiya ƙarfi kuma sun ƙaranta.

Ba shi ya ƙirƙiro ƙugiya ba. Tun a 1913 kamfanin Wolff na garin Heilbronn ya fito da ƙugiya mai hasumiya, a Faransa kuma Faustin Potain ya kafa nasa kamfanin a 1928. Matsalar ita ce ƙugiyoyin zamanin na manyan ayyuka ne. Kafa su na cin kwanaki, kwashe su ma haka, don haka mai gina gida hawa biyu ko uku ba ya ko tunaninsu. Bulo da kwaɓi a kafaɗa ake hawa da su, kamar yadda har gobe ake yi a yawancin unguwannin Yamai.

Liebherr ya dubi abin da idon magini. Shi da wasu ƴan maƙera da injiniya suka haɗa wata ƙaramar ƙugiya da za a iya ja a kan hanya, a kafa ta cikin ƴan sa'o'i. Ranar 19 ga Agustan 1949 aka yi mata rajistar mallakar fasaha, aka sa mata suna TK 10. Ya kai ta baje kolin Frankfurt a wannan shekarar, mutane suka taru suka yi kallo, ya dawo gida ba tare da ya sayar da ko ɗaya ba. Duk da haka ya ci gaba da ƙerawa, kuma bayan ƴan makonni masu saye suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nan kamfanin gini ya rikiɗe ya zama kamfanin ƙera injinan gini.

Abin lura a nan shi ne wa aka ƙera wa injin. Ƙaramin ɗan kwangila ne, mai aiki yau a wannan layi, wata mai zuwa a wancan. Kasuwar da manyan kamfanoni suka raina ita ta ɗaga Liebherr, kuma ta zo daidai da lokacin da Jamus ta Yamma ke gina gidaje dubu ɗaruruwa a kowace shekara.

Daga haƙoran giya zuwa firigo

Ƙugiya na buƙatar giya, giya kuma na buƙatar ƙafafun ƙarfe masu haƙora, waɗanda a farkon shekarun 1950 samunsu ke da wuya. Maimakon ya zauna jiran masu kawowa, Liebherr ya ƙera injin yanka haƙoran da kansa, daga baya ma ya shiga sayar da irin injin ga wasu. Wannan ɗabi'a ta zama jinin kamfanin: abin da ya fi muhimmanci a cikin inji, a yi shi a gida. Yau injin gazuwal, famfon mai, na'urar naɗe igiya, babban zoben da ƙugiya ke juyawa a kansa da kwamfutar da ke sarrafa ta, da yawansu kamfanin ne ke yin abinsa.

Shekarar 1954 ta zo da abubuwa uku a jere. An buɗe masana'anta a Biberach, wadda har yanzu ita ce cibiyar ƙugiya mai hasumiya. An fito da motar haƙa mai aiki da matsin mai, L 300, wadda ba ta kai nauyin masu aiki da igiya na lokacin ba. Sannan aka fara ƙera firigo a Ochsenhausen, domin a lokacin gidaje kaɗan ne a Jamus ke da shi, tattalin arziki kuma na farfaɗowa. Amsar mai cewa a jikin firigo ya san sunan ke nan: gida ɗaya ne.

Fita waje ta zo da wuri. A 1958 aka kafa masana'anta a Killarney ta ƙasar Ailan, inda yanzu ake ƙera manyan ƙugiyoyin sauke kwantena a tashoshin jiragen ruwa, a shekarar kuma aka shiga Afirka ta Kudu. Colmar ta Faransa ta biyo baya a 1961, sai Ehingen a 1969, wadda ta zama gidan ƙugiyar kan mota, sai Amurka a 1970. A tsakani an shiga ƙera kayan jirgin sama a Lindenberg, irin ƙafafun sauka da na'urorin iska da ake sa wa jiragen Airbus da wasunsu. Har otal-otal kamfanin ke da su, kuma na farkonsu a Killarney yake.

Kamfanin gida, hedkwata a Bulle

A farkon shekarun 1980 aka tattara rassan a ƙarƙashin uwar kamfani guda a garin Bulle na Suwizilan, matakin da ake dangantawa da batun haraji, musamman harajin gado. Shi ya sa a takarda kamfanin na Suwizilan ne, alhali tushensa da manyan masana'antun ƙugiyarsa suna Jamus. Hans Liebherr ya rasu a 1993, ƴaƴansa Willi da Isolde suka karɓa, yanzu kuma jikoki sun shigo cikin jagoranci.

Har yau ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa, na iyali ne ɗungurungum. Masu yabon wannan tsari na cewa yana ba kamfani damar zuba kuɗi a abin da sai bayan shekara goma zai yi riba, ba tare da masu jari na hura masa wuta duk wata uku ba. Masu suka na cewa na waje ba ya ganin cikin tukunyar kamar yadda yake ganin ta kamfanin da ke kasuwar hannun jari. A 2024 cinikinsa ya kai Yuro miliyar 14.6, ma'aikatansa sun haura 50,000. In aka juya a kan Sefa 655.957 kowane Yuro, ya kama sama da miliyar 9,500, wato kusan ninki uku na kasafin kuɗin Nijar na 2025, wanda ya ɗan haura miliyar 3,000.

Ta fuskar girma ma an yi nisa da TK 10. LTM 11200 da ta fito a 2007 tana tafiya a kan titi da tayoyinta, hannunta na miƙewa mita 100, ƙarfinta tan 1,200. Mai sarƙa LR 13000 kuwa tan 3,000 take ɗauka.

Waɗanda ke gefe da waɗanda suka taso daga baya

Ɗan kwangilar da ya yi karatu ko aiki da Faransawa ya fi sabawa da Potain. Shi bai zauna a hannun iyali ba: a 2001 kamfanin Manitowoc na Amurka ya saye shi, ko da yake sunan na nan, ana kuma ƙera wasu samfuransa a China da Indiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sunan da ke jikin inji ba koyaushe yake faɗin ƙasar da aka ƙera shi ba.

Babban sauyin shekaru ashirin ɗin nan daga China ya zo. XCMG, Sany da Zoomlion sun yi ƙiba a kan gine-ginen cikin gida, sannan suka juyo suna sayen kamfanonin Turai. Zoomlion ya sayi CIFA na Italiya a 2008 da Wilbert, mai ƙera ƙugiya a Jamus, a 2018. Sany ya sayi Putzmeister, sarkin famfon kankare, a 2012. Yau XCMG da Sany na zama a sahun manyan masu ƙera injinan gini goma na duniya, sahun da Liebherr yake. Maganar "kayan China" da ake yi da taɓe baki a kasuwar waya da fitila ba ta zauna daidai a wannan fage ba.

A Nijar kuma, yawanci inji ubangidansa yake bi. Manyan ayyukan shekarun nan, gada ta biyu a 2011, gadar Janar Seyni Kountché a 2021, matatar Soraz a Damagaram, bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, madatsar Kandadji, kamfanonin China ne suka yi su ko suke yi. Filin jirgin Diori Hamani da otal ɗin Radisson Blu kuma Summa na Turkiyya. Irin waɗannan kamfanoni da kayan aikinsu suke zuwa, da makanikansu, in sun gama su kwashe ko su sayar da ragowar ga ƴan ƙasa.

Abin da ya faru a Makka

Sunan Liebherr ya shiga kunnen Hausawa da yawa ne ta wata hanya mai ɗaci. Ranar Juma'a 11 ga Satumban 2015, ana saura ƴan kwanaki a fara aikin Hajji, guguwa ta kayar da wata ƙatuwar ƙugiya a kan Masallacin Harami. Mutum sama da 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya, kusan 400 suka ji rauni. Ƙugiyar ƙirar Liebherr ce, LR 11350, kamfanin Binladin na Saudiyya ke aikin faɗaɗa masallaci da ita. Binciken hukumomin Saudiyya ya nuna an bar hannunta a ɗage ba yadda littafin masana'anta ya tanada ba in za a yi iska mai ƙarfi. Shari'ar ta ɗauki shekaru, an wanke waɗanda ake tuhuma a zagayen farko, sai a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta kama kamfanin ginin da laifin sakaci, ta ci shi tarar Riyal miliyan 20.

Wannan ya shafi Yamai da Tawa kai tsaye, domin duk wanda ya ga yadda hadarin farkon damina ke tasowa a Sahel, jan bango na ƙura ya rufe gari cikin mintoci, ya san iska ba ta sallama. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a tsayar da ƙugiya mai hasumiya kafin iska ta kai gudun kilomita 72 a sa'a. In an tashi daga aiki kuma ba a ɗaure hannunta: sakin birki ake yi, a bar shi ya bi iska ya juya. Mai wucewa da dare ya ga hannu na lilo shi kaɗai zai ɗauka mantuwa ce, alhali wadda aka danne wa birki ita ce abin tsoro.

Gardamar ƴan kwangila

Masu goyon bayan tsohuwar Turai na kafa hujja da ƙarko. Ƙugiya mai hasumiya da aka kula da ita tana shekara ashirin ko talatin tana aiki, tana kuma da kasuwa in an tashi sayarwa. Tsofaffin samfura ba su cika kwamfuta ba, mai gyaran lantarki na gari zai iya buɗe akwatin ya gane kansa. Raunin wannan zaɓi shi ne ba ka san wahalar da ƙarfen ya sha ba. Tsagewa a wurin walda ba ta ganuwa a hoton da dillali ya turo ta WhatsApp, kuma sau da yawa inji kan iso ba littafinsa, ba tarihin gyaransa.

Masu son sabuwar China na cewa da kuɗin tsohuwa za ka iya samun wadda ba a taɓa ba, da garanti, wani lokaci ma da biya kaɗan-kaɗan. Masu ja da su na nuna cewa darajarta na saurin faɗuwa in za a sake sayarwa, kuma ingancin ya danganta da kamfani: tsakanin manyan nan uku da wata ƙaramar masana'anta da ba a san ta ba akwai tafiya.

Sabuwar Turai fa? Ban da tsada, tana da wata matsala da ba a cika faɗa ba. Injinan gazuwal da aka ƙera don dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai, matakin da ya fara aiki daga 2019, suna son mai mai tsabta ƙwarai da wani ruwan magani na musamman. In aka ɗura musu gazuwal mai yawan kibiritu, matatar hayaƙin ta toshe, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Kamfanonin na ƙera wani samfuri dabam don ƙasashen da ba su da wannan doka, amma wanda ya sayo ta hannu daga Turai, mai bin dokar Turan ya sayo.

Duk wadda aka zaɓa, tambayoyi uku ba sa canzawa. Ta farko hanya. Kwatano zuwa Yamai ta Malanbil da Gaya kusan kilomita 1,000 ce. Yanzu kaya ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja. Ƙugiya mai hasumiya kuwa ba mota ɗaya ke ɗaukarta ba, gunduwa-gunduwa take zuwa a kan tireloli da dama, kuma in ta Tawa ce akwai ƙarin sama da kilomita 500 ta Dosso da Ƙonni. Ta biyu wuta. Kafin Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, yankewar da aka yi a lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki kuma ta nuna wa kowa cewa shantiye ba ya dogara da layin gari. Dole a sa babban janareto da mansa a cikin lissafi. Ta uku kayan gyara. Wata ƴar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba in ta ƙone a zafin Afrilu, tana iya tsayar da gini makonni ana jiran ta iso, albashin ma'aikata na tafiya, wa'adin kwangila na matsowa.

Wannan ya sa ɓangare na uku ke cewa haya ta fi. A kira ta kan mota ta yi yini ɗaya ko biyu, ta ɗora abin da za ta ɗora, a biya ta tafi. Ga mai ginin hawa uku da ba shi da tabbacin samun wani aikin bayan wannan, lissafin na da ƙarfi. A Turai ma kamfanonin haya ne ke sayen kaso mai yawa na ƙugiyoyin da ake ƙerawa.

Lebura, maƙwabci da mai neman sana'a

Ranar zuban dal, wato rufin kankare, a unguwa irin Lazare ko Koira Kano, tun da asuba ake jin ƙarar injin kwaɓi. Samari talatin ko arba'in sun yi layi a kan katakon da aka jingina, tasa na bin hannu zuwa sama cike, tana saukowa ta wani layin wayam, ƙafafu a naɗe da leda da tsumma saboda cin siminti. Mai tuwo da mai ruwan sanyi na jira a gindin bishiya. Ba a tsayawa sai an rufe dal ɗin, domin kankare ba ya jiran gobe. Da yawan samarin nan ƴan cin rani ne, kuɗin wannan yini kuma shi ake aikawa gida.

Ƙugiya ɗaya da mutum huɗu ko biyar za su yi wannan aiki cikin rabin lokacin. Amma a inda ƙwadago ke da arha, inji ke da tsada, ba ta da dalilin shiga ƙananan gine-gine, don haka leburan unguwa ba su ne za su fara jin ta a jika ba. Inda take zama dole shi ne in gini ya haura hawa biyar ko shida, ko kayan sun fi ƙarfin kafaɗa, kamar ginshiƙan gada ko injinan masana'antar siminti irin ta Malbaza. A can aikin da take buɗewa na masu horo ne: mai tuƙi, mai ɗaure kaya, mai ba da alama daga ƙasa, mai lantarki, makaniken matsin mai. Muddin ƴan ƙasa ba su da takardar shaidar waɗannan, kamfanin waje zai ci gaba da zuwa da nasa.

Shi kuwa maƙwabci, abin da ya dame shi shi ne abin da ke wucewa ta saman gidansa. Hannu mai mita 50 a tsakiyar unguwa ba makawa ya ƙetare katanga. Ƙa'idar aikin ita ce hannu na iya wucewa wayam, amma ba a ratsa kan mutane, makaranta ko titi da kaya a rataye sai an killace wurin. Mai gida na da hurumin tambayar shugaban shantiye yaushe aka yi wa ƙugiyar gwajin ƙarshe, wa ya yi shi, kuma ko inshorar aikin ta haɗa da ɓarnar da za ta iya faɗawa kan na waje.